Ƙanzon Gidan Mama Tabita

Tun da na zo gidan Mama Tabita har na girma ba a taɓa zagina ba. Idan na faɗi haka, mutane sukan ce na yi sa'a. Ni kuwa ban san yadda zan yi musu bayani ba, cewa babu abin da ya ci mini rai a duniya kamar wannan.

Ina 'yar shekara tara ko goma aka kawo ni Kontagora. Ƙauyenmu a bakin ruwa yake, can wajen Yawuri. Wata ranar kasuwa kwale-kwalen da ya ɗauko iyayena bai kai gaɓa ba, ni kuma an bar ni a gida saboda zazzaɓi. Baba Filibus, mijin Mama Tabita, yakan je can sarin bandar kifi, kuma ya san mahaifina. Da ya ga makoki ya watse ba wanda ya ce ga inda zan kwana, sai ya ɗora ni a bayan mota kusa da kwandunansa muka taho. Abin da na riƙe na wannan tafiya kaɗan ne: ƙamshin banda, da itatuwan kaɗanya suna gudu baya, da hular Baba Filibus da iska ta so ƙwacewa a wajen Ibeto.

Mun tarar da Mama Tabita a tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta durƙusa a gabana, ta daɗe tana dubana. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wata langa. Fara ce mai murfi, da jan fure a gefe, cikin kayan aurenta take, ba a fito da ita sai Fasto ya zo ko wani babban baƙo. Ta wanke ta, ta zuba mini tuwo da miya da tsoka biyu, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar mangwaro. Daga ranar langar nan ta zama tawa, ba a sake mayar da ita ɗaki ba.

'Ya'yanta biyu, Janet da John, a tire ɗaya suke ci, a bakin ɗakin girki, suna ture-ture. Idan sun gama sai a miƙa musu tukunya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tuƙa tuwon dawa ya san abin da ke manne a gindin tukunya bayan an kwashe: ƙanzo, ja-ja, mai ƙaras-ƙaras a baki. Janet ta riƙe kunnen tukunya ɗaya, John ya riƙe ɗaya, cokula suna ta karta, Mama Tabita tana daga ciki tana cewa, "Ja'irai, ku fasa mini tukunya ku ga yadda zan yi da ku." Ni ina can kan tabarmata da nama a gabana. Janet ta harari langata, ni in harari tukunyarta, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya ci riba.

Sau ɗaya na taɓa matsawa kusa. Ban ma kai hannu ba Mama Tabita ta gan ni.

"A'a, Eunice, 'yar albarka, wannan ba naki ba ne," in ji ta, da wata murya mai laushi da ba ta taɓa yi wa Janet ba. "Ƙanzo ai na waɗannan marasa kunyar ne. Tuwon bai ishe ki ba? Kawo in ƙaro miki."

Na koma tabarmata da ƙarin tuwon da ban nema ba.

Akwai ranar da na yi tuntuɓe na fasa randar da take ji da ita, wadda ruwanta ya fi na kowa sanyi a unguwar. Na tsaya cikin ruwa da guntayen randa, gabana yana faɗuwa, amma can ƙasan tsoron nan akwai wani daɗi. Na ce yau dai za a yi mini. Ta fito a guje, ta duba ƙafafuna, ta ce, "Bai yanke ki ba? To ba komai, ai dama ta tsufa." Ta juya ta ga Janet tana dariya, ta bi ta da tsintsiya har ƙofar gida, wai ita ta bar turmi a hanya. Janet ta yi kuka, ni ma na shiga bayan ɗaki na yi nawa, ba wanda ya san dalilina.

Haka na girma. Ba a aike ni da tsawa ba, ba a tashe ni da duka ba. Idan na ɗauki muciya sai a karɓe, wai hayaƙi zai shiga idona. Duk unguwa Mama Tabita suke ce mata, 'ya'yanta kuma su ce Mama kawai. Ni na bi 'yan unguwa, ba wanda ya gyara mini. Baba Filibus ya sa ni makaranta tare da Janet, ya sa aka koya mini ɗinki, kafin ya rasu ya saya mini keken ɗinki. John ya tafi aiki Minna, Janet ta yi aure a Ibeto, aka bar mu mu biyu a gidan, muna ta gaisuwa da ladabi kamar surukai. Ina son matar nan, wannan ba shakka. Amma ban taɓa sanin ko ni tata ba ce.

A gindin mangwaron nan na kafa kekena. Da rana, idan unguwa ta yi tsit, sai ƙarar 'yan acaɓa daga nesa da kukan kurciya, ƙafata takan ci gaba da taka keke ita kaɗai, hankalina kuma ya tafi. Wuri ɗaya yake zuwa kullum. Wani gida ne wanda ban taɓa ganin ƙarshen katangarsa ba. Tsakar gidan cike da yara, wasu da tsagar Kambari, wasu da ta Dukkawa, wasu dogaye kamar Fulani, wasu ban san irinsu ba, duk suna kewaye da wata tukunya da ta fi rumbu girma. Hayaƙin wurin fari ne, ba ya sa hawaye. Akwai mai tuƙin, amma bayansa kawai nake gani, da hannuwansa a kan muciya. Yaran suna ja masa riga, suna roƙo, suna ƙorafi, wani ma har yana hawa bayansa. Ni ina tsaye a zaure da langata a hannu, a rufe, ina jira a yi mini iso. Sai allura ta karye ko wata ta yi sallama, in dawo.

A coci ma haka nake. Bencin ƙarshe nake zama, kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa. An yi mini baftisma a rafi tare da tsarana, na iya waƙoƙi, ba na fashin sujada. Amma ran Jibin Ubangiji, idan jama'a suka tashi layi-layi zuwa teburi, ni sai in sunkuyar da kai kamar mai dogon addu'a har a gama. A ganina Allah ya yi mini irin kirkin Mama Tabita: ya ba ni ci, ya ba ni sha, ya ba ni inuwa. Wanda aka yi wa haka ba ya zarce wuri. Addu'ata ba ta wuce godiya, kamar ta wanda ya ci abinci a gidan mutane yana neman takalmansa.

Ana cikin haka, dawa ta fara ja a gona, sai ga wani mutum ya yi sallama a ƙofarmu da kwali ɗaure da igiya. Dogo ne, baƙi, rana ta gasa shi. Da ya yi murmushi sai na ga haƙoran mahaifiyata, da 'yar wushiryarta, abin da na ɗauka na manta. Na zauna a ƙasa ban sani ba.

Sunansa Nuru, ƙanen mahaifiyata ne. Masunci ne, Musulmi, don danginmu a gauraye suke kamar yawancin mutanen bakin ruwa. Lokacin da abin ya faru yana can wata ƙasa yana su, da ya dawo aka ce masa duk gidan sun tafi a ruwa. Sai bana wata tsohuwa ta ce masa ai akwai yarinya, wani mai sarin kifi ya tafi da ita Kontagora. Ya yi ta tambaya kasuwa-kasuwa har ya iso. Kwalin nan bandar kifi ce ya kawo tsaraba.

Mama Tabita ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa, suka sake gaisawa. Ni na koma kan kekena, na sa ƙyalle a ƙarƙashin allura, kunnena yana wurinsu.

"Mama, ba ni da bakin godiya," in ji Kawu Nuru. "Abin da kuka yi sai Allah. Amma ga ɗakin uwarta can na gyara, ga 'yan'uwanta ba su san ta ba. Idan kin yarda, ina so in kai ta gida. Ban zo da ƙarfi ba. In kin ce a'a, a'a ce."

Na tsayar da ƙafata. Ban taɓa roƙon komai a rayuwata ba kamar yadda na roƙi wannan a'a a cikin zuciyata. Ba don ina ƙin Kawu ba, na ma ji ina son sa tun daga murmushin nan. So nake in ji ta riƙe ni, ko da sau ɗaya.

Mama Tabita ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Sannan ta ce, da muryar nan mai laushi, "Ai taku ce, Malam Nuru. Mu riƙo muka yi. Ba mu da ta cewa."

Suka shirya zai dawo ran Lahadin godiyar kaka, ya kwana, Litinin mu kama hanya. Da ya tafi ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Kin ga Allah ya kawo miki naki." Na ce, "I, Mama Tabita, na gode." Ta ce ba komai. Muka rabu a haka, kowa ya shiga ɗakinsa da ladabinsa.

Ran Lahadin coci ta cika har waje. An jera dammunan dawa a gaban bagade, da doya, da buhunan gyaɗa, da wani zakara ɗaure da ya ƙi yin shiru. Matan zumunta suna buga tulu, iyali-iyali suna rawa zuwa gaba da abin da gona ta ba su. Janet ta zo daga Ibeto da jaririnta a baya. Ni ina bencina, kayana suna gida a ɗaure.

Fastonmu tsoho ne, mutumin Tungan Magajiya, Hausarsa tana ɗan karkacewa idan magana ta kama shi. Ranar bai yi dogon wa'azi ba, don zafi ya yi yawa. Ya ce, "Kun san riƙo. Riƙo ana mayarwa. Ka ci da yaro, ka sha da shi, ran da masu shi suka zo sai ka yi masa wanka ka miƙa. To ku ji, Allah ba riƙonmu yake yi ba. 'Ya'ya ya mai da mu. Ɗan gidan ne da kansa, Yesu, ya fito waje ya kamo hannunmu ya shigar da mu, ya ce wa Uban ga ƙannena. Uban kuma ya sa mana sunansa. Babu wanda zai yi sallama wata rana ya ce a ba shi abinsa."

Na ji maganar kamar daga cikin ruwa take zuwa. Hasken da ke shigowa ta taga ya sauka a kan dammunan dawa, ƙurar ƙaiƙayi tana yawo a cikinsa a hankali, zakaran ma ya yi shiru. Aka buɗe teburi, jama'a suka tashi. Na ga bayan Mama Tabita a layi, ɗankwalinta ya ɗan zame. Ƙafafuna sun so tashi. Na danne su, na sunkuyar da kai yadda na saba.

Da aka tashi, Fasto yana bakin ƙofa yana gaisawa da mutane. Na bari kowa ya wuce, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba Fasto, ina da tambaya. Shi Allah yana yi wa 'ya'yansa faɗa?"

Ya yi dariya har da tari. "Ni da kike gani, ya sha ja mini kunne. Ai wanda ba naka ba shi kake ƙyalewa." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ni ma ina da tawa. Shekara da shekaru ina ganinki a bencin nan. Me ya sa ba kya tasowa?"

"Ba a kira ni ba, Baba."

"Eunice, wa yake kiran 'ya ta shiga ɗakin girkin uwarta?" Ya girgiza kai. "Na ji gobe za ki tafi. Allah ya kiyaye hanya. Amma duk inda kika je, wancan gidan ba a fitar da ke daga cikinsa ba, ke ce dai kika ƙi wuce zaure."

Ban taɓa gaya wa kowa mafarkina ba. Na tsaya ina kallonsa, shi kuwa ya riga ya juya yana tambayar wa ya kwance zakara.

Na taka zuwa gida a ƙafa, ban hau acaɓa ba. Na tarar da Kawu Nuru ya iso, yana zaune a gindin mangwaro yana jan carbi. Janet tana ɗaki tana shayar da yaro. Mama Tabita kuwa matan zumunta sun riƙe ta a coci suna rabon kayan godiya. Kafin ta fita da safe ta bar ruwa a tukunya da itace a murhu, ga garin sabuwar dawa a ƙwarya an rufe da faifai, na farko a bana, wanda ta ce da shi za a yi wa baƙo tuwo, a kuma yi mini sallama.

Na tsaya a bakin ɗakin girkin. Ba kowa. Muciya tana jingine a bango, hannunta ya yi santsi saboda tafin Mama Tabita. Na cire takalmi na shiga.

Ban taɓa tuƙa tuwo ba, amma idona ya haddace komai. Na hura wuta, ruwa ya tafasa, na yi talge, na jira ya yi ta ɓal-ɓal. Na zuba gari da hannun hagu ina tuƙi da dama, yadda take yi, har kafaɗata ta fara ciwo. Ya haɗu, ya yi kyau, na yi mamakin kaina. Na rufe don ya sulala. Sai na ga kamar wutar ta yi kaɗan ga babban aiki irin wannan, na ƙara itace, na sake ƙarawa. Na zauna a kan 'yar kujerarta, na jingina da bango mai ɗumi. Hayaƙi yana tashi yana bi ta ƙofa, rana tana ratsa shi.

Ban san lokacin da na isa gidan nan ba. Ga yaran, ga babbar tukunya, ga farin hayaƙi. Ina zaure da langata kamar kullum. Amma yau mai tuƙin ya tsaya. Bai juyo duka ba, gefen fuskarsa kawai na gani, shi ma haske ya rufe shi. Ya yi magana, kuma ba da murya mai laushi ba. Muryar uba ce wanda ya gaji da kiran yaro daga wasa.

"Ke, har yaushe za ki tsaya a nan? Ajiye kwanon nan ki shigo."

Na ce, "Ba a yi mini iso ba."

"Wa zai yi miki iso a gidanku? Ga yayanki ya je har bakin ruwa ya ɗauko ki. Shigo, kina tare wa ƙannenki hanya."

Na sunkuya na ajiye langar a ƙasa. Hannuna ya yi sakayau, ban san tana da nauyi haka ba. Na taka tsakar gidan, ƙasar da ɗumi, yaran suka matsa mini ba tare da sun ko dube ni ba, wata ma ta taka mini ƙafa ba ta ce sannu ba. Na ji daɗin wannan har cikin ƙashina. Na miƙa hannu zuwa bakin tukunya. Sai hayaƙin ya fara canza launi, ya yi duhu, ya fara shiga idona.

"Ke! Wace irin sakarya ce ke?"

Na buɗe ido. Ɗakin ya turnuƙe, ƙauri ya cika gidan har maƙwabta. Mama Tabita tana tsaye a kaina da kayan zumuntarta, ta fizge itace daga murhu tana watsarwa, ta sauke tukunya da bakin zane.

"Sabuwar dawa. Ta farko. Ga baƙo a zaune tun ɗazu, ke kina nan kin hangame baki kina barci a kan wuta. Wa ya ce ki cika itace haka, gidan za ki ƙona mana? Ƙatuwar budurwa, tuwo ma ya gagare ki. Mai kunnen ƙashi kawai." Ta ɗauki marar kwasar tuwo ta ƙwala mini a kafaɗa. "A ce 'yar da na..."

Ta tsaya. Marar tana hannunta a sama. Ta ga hawaye yana zuba a fuskata, sai na ga tsoro ya kama ta, irin wanda ban taɓa gani a idonta ba. Ta saki marar ta faɗi.

"Wayyo, Eunice, 'yar albarka, yi haƙuri. Bakina ne ya..."

"Ƙarasa, Mama," na ce. Ina kuka ina dariya, hanci yana zuba. "Don Allah ƙarasa. 'Yar da kika me?"

Ta zauna a ƙasa, a cikin toka, da kayan zumuntar da ta goge tun jiya.

"Ran da aka kawo ki," in ji ta a hankali, "na dubi idonki na ga ruwan nan a ciki. Na yi wa Allah alkawari ba za ki yi kuka a gidana ba. Kuma kullum ina cewa masu ke za su zo. Na ce kada in saba, kada in sa hannu da yawa, don ran da za a karɓe ki in iya tsayuwa." Ta share ido da bayan hannu. "Ga shi sun zo, ban kuwa iya ba. Tun ran da mutumin nan ya tafi abinci bai wuce mini ba."

"Ni kuma na ɗauka son da kike mini ne bai kai ki zage ni ba."

Ta dube ni, baki buɗe. Sannan ta kai hannu ta ja kunnena, da gaske, har ya yi zafi. "Ji shashasha," in ji ta.

Ta tashi ta kakkaɓe zane. Ta buɗe tukunyar, ta kwashe na saman da bai ƙone ba, ta gyara malmala biyu. Ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko langata, ta ɗan tsaya da ita a hannu, sannan ta zuba tuwon a ciki, ta sa miya da kifin da ya kawo, ta rufe. Ta fita da ita, ina biye.

Kawu Nuru yana zaune yadda muka bar shi, ya ji komai, yana ta kallon ganyen mangwaro kamar bai ji ba. Ta ajiye masa langar.

"Malam Nuru, ga abinci, ka yi haƙuri da ƙauri. Sannan maganar da muka yi, na janye. Ba za ta je ba." Muryarta ta koma irin wadda take ciniki da ita a kasuwa. "Yarinyar da ba ta iya tuwo ba zan ba ka? A je can a ce 'yar Tabita ce ta ƙona wa mutane tukunya? Ba da ni ba. Za ta zo ta gaishe ku, ta ga ɗakin uwarta, ta kwana biyu, ta dawo gida. Ina da aiki a kanta."

Kawu ya dube ni. Ya ga kunnena da ya yi ja, ya ga fuskata. Wushiryar mahaifiyata ta sake bayyana.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Ni dama abin da ya hana ni barci, kada a ce tana zaune a hannun mutane. Tunda a gida take, shi ke nan." Ya buɗe langar, ya yi bismillah, ya cinye tuwon nan tas da ƙaurinsa, har yana cewa ya yi daɗi, yadda baƙon kirki yake yi.

Mama ta koma ɗakin girki, ta turo tukunyar da ƙafa har bakin ƙofa.

"Ke kika ƙona, ke za ki kankare. Kada in ga ko ɗigo."

Ban taɓa ganin ƙanzo mai yawa haka ba. Ya yi kauri, gefe ja, tsakiya baƙi. Na zauna a ƙasa na riƙe kunnen tukunya. Ban kai ga sa cokali ba sai ga Janet ta fito da nata, yaro a kafaɗa, ta kama ɗaya kunnen.

"Matsa," in ji ta. "Shekara nawa kina cin nama muna kallo."

"Ba zan matsa ba. Ni na ƙona."

Muka ja, tukunya ta yi ƙara a ƙasa. Daga ciki Mama ta ce, "Ja'irai, ku fasa mini ita ku gani."

Na ɓanɓaro wani babban yanki. Na rufe ido don in yi addu'a kafin in ci, godiyar nan tawa ta kullum ta zo bakina a shirye, sai na ji ba ita nake so in faɗa ba. Na sa ƙanzon a baki na tauna. Ɗaci ya cika mini harshe.

"Baba," na ce wa Allah a zuciyata, "ya ƙone da yawa."

Na buɗe ido na ture hannun Janet, na ƙara kankaro wani.